Hannun Awadiyya

Duk 'yar Hausawan da ta yi aure a unguwar Umbadda ta Umdurman cikin shekaru ashirin ɗin nan, da wuya a ce ba Awadiyya ce ta yi mata lalle ba. Larabawan unguwa ma suna kiranta. Hannana ake ce wa mai wannan sana'a a Umdurman, kuma suna da yawa, amma ita idan ta ja layi daga tsintsiyar hannu zuwa gwiwa sai ka rantse da zare aka auna. Kakanta ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar hajji, ya tsaya tsinkar auduga a Jazira don ya haɗa guzuri, a nan aka binne shi. Mahaifinta ne ya dawo da iyali birni. Ita kuwa mijinta ya rasu shekara tara ke nan, ya bar ta da 'ya ɗaya, Ni'mat, wadda ta raina da kuɗin lalle har ta gama makaranta ta sami aiki a wani kantin magani.

Wata Laraba cikin bazara aka kira ta Sahafa, can tsallaken kogi, don amarya. Ta fara tun da hantsi, ba ta ɗaga kai ba sai bayan azahar. Da ta fito daga gidan bikin, bayanta na ciwo, yunwa na cinta, sai ta tuna ƙanenta Idirisu yana aiki a wani mat'am, wato gidan abinci, kusa da kasuwa. Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Shekararsa goma sha ɗaya a wurin, yana gyaran kifi da safe, yana goge ƙasa da rana, kuma da wannan yake ciyar da mata da 'ya'ya biyar. Ta yi wata biyu ba ta gan shi ba.

Wurin ya canza mata. An rushe tsohuwar rumfar kwano, an sa ƙofar gilashi, an shimfiɗa farin tayil mai sheƙi kamar faranti. Idirisu ya hango ta ya taho yana goge hannu a jikin rigarsa.

"Yaya! Yau wace rana? Zauna nan ƙarƙashin fanka."

Ya kawo mata soyayyen kifi da burodi da yaji. Ta buɗe jaka za ta biya, ya danne mata hannu.

"Haba Yaya. Rabona ne na rana, ni na riga na ƙoshi da warin kifi."

Ta ci, suka yi hirar yara da ciwon ƙafar Gogo, ƙanwar mahaifinsu da ke zaune a gidan Awadiyya. Da ta gama ta miƙe ta nufi wurin wanke hannu, famfo uku a jere jikin bango. Idirisu yana can yana kwashe kwanuka. Ya juyo ya buɗe baki zai ce mata ta bi ta gefe, amma ta riga ta taka. Bututun da ke ƙarƙashin famfon tsakiya yana yoyo, ruwan sabulu ya malale a kan farin tayil, ido ba ya ganinsa. Ƙafarta ta tafi gaba, jikinta ya koma baya, ta kai hannun dama ta tare. Mutanen teburin ƙarshe ma sun ji ƙarar.

Ba ta yi ihu ba. Ta zauna cikin ruwan, mayafinta ya jiƙe, tana kallon hannun da ya lanƙwashe inda ba gaɓa.

Mai mat'am ya fito daga bayan teburin karɓar kuɗi da sauri, dattijo mai ƙiba cikin farar jallabiya. Ya yi ta ba ta haƙuri yana cewa, "Ma'alesh ya hajja, ma'alesh, Allah ya sa kaffara ce." Wani daga cikin masu cin abinci ya ce a kai ta asibiti. Mai mat'am ya girgiza kai.

"In kun je asibiti za su ce sai an kawo urnik takwas, takardar shaidar rauni, daga 'yan sanda kafin likita ya taɓa ta. Za ku wuni a kan benci, baiwar Allah tana shan azaba. Akwai basir a nan bayan kasuwa, ɗori gadonsa ne. Idirisu, ɗauki motata da direba. Komai a kaina."

A lokacin Awadiyya ta ga kirkinsa. Har ta yi masa godiya.

Mai ɗorin ya ja hannun, ta suma, ta farfaɗo ta tarar an ɗaure shi da karare da tsumma. Ya ce kwana arba'in. Kafin mako biyu yatsun suka kumbura suka yi baƙi-baƙi, uku daga ciki ba ta jin su ko an tsikara da allura. Ni'mat ta ce ita ba za ta jira arba'in ɗin kowa ba, ta tsare raksha, babur mai ƙafa uku, ta kai ta asibiti. Likita ya ɗaga hoton ƙashin a gaban taga ya daɗe yana kallo. Ya ce ƙashin ya fara haɗewa a karkace, kuma ɗaurin ya matse jijiya har ta lalace. Aka yi aiki, aka sa ƙarfe. Bayan wata uku hannun ya daina ciwo sosai, amma babban yatsa da manuni sun ƙi haɗuwa. Ko cokali ta ɗauka sai ya zame.

Iyayen amare suka yi ta zuwa dubiya da lemo da sukari. Daga baya suka riƙa aiko da gaisuwa. Lokacin bukukuwan bayan sallar layya ya zo ya wuce, wasu mata suka yi lallen.

Ni'mat ce ta kawo zancen ƙara. Akwai wata lauya mai sayen maganin hawan jini a kantinsu, Ustaza Sittana, ita Ni'mat ta ba wa labari, lauyar ta ce a kawo mata uwar. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman bene kusa da kasuwar Suk Arabi, takardu jibge har bakin taga. Ta saurari Awadiyya har ƙarshe ba ta katse ta ba, sannan ta ce ta ɗora hannun a kan tebur. Ta dube shi, sannan ta kira ta da khala, wato inna, don girmamawa.

"Khala, doka tana tare da ke a takarda. Wanda ya buɗe wuri ya kira jama'a su shigo, wajibinsa ne ya kiyaye su. In ya san akwai abin cutarwa ya bar shi, sai ya biya diyyar abin da ya jawo. Amma alƙali bai ga faɗuwarki ba. Ina urnik takwas na ranar?"

"Ba mu karɓa ba. Mai wurin ya ce ɓata lokaci ne."

Ustaza ta ajiye alƙalaminta. "Ya san abin da yake yi. Bututun fa?"

Ni'mat ta ce, "Kawu ya ce washegari da sassafe aka kawo mai gyara."

"Cikin waɗanda ke cin abinci, kin san wani?"

"'Yan kasuwa ne da matafiya. Ban san kowa ba."

"To wa ya san bututun yana yoyo tun kafin ranar?"

Ni'mat ce ta amsa. Ta ce Kawu Idirisu sau uku yana gaya wa mai wurin. Har buhu ya shimfiɗa a ƙarƙashin famfon, aka sa ya ɗauke, wai yana ɓata kyan tayil.

"Shi ne shari'arku gaba ɗaya," in ji Ustaza. "In ya tsaya, akwai magana. In bai tsaya ba, kada ku wahalar da kanku."

A hanyar komawa, cikin hafla, motar haya ta jama'a, suna kan gada cunkoso ya tsaya cak, Awadiyya ta ce, "Ba zan sa shi a bakin wuta ba. Yara biyar."

"Yumma," in ji Ni'mat, don haka take kiran uwarta, "ke kuma fa? Ke ba mutum ba ce? Hannunki ya ciyar da mu, ya ciyar da su ma ranar da ba su da shi."

"Rufe min baki, mutane na ji."

Amma Ni'mat ba ta bari ba. Ranar Juma'a ta je gidan kawunta ita kaɗai. Abin da suka ce wa juna Awadiyya ba ta sani ba. Da la'asar dai sai ga Idirisu a tsakar gidanta, ya tsuguna kusa da angarib, gadon igiyar da take kwance a kai, ya ce, "Yaya, ni na ce ki zauna ki ci. Ni na san ruwan nan yana wurin. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ki shigar da ƙara, zan faɗi abin da na sani."

"Za a kore ka."

"Shekara goma sha ɗaya nake masa bauta. Ba zai kore ni don na faɗi gaskiya ba."

Gogo tana daga bakin ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Ta ce, "Ku dai yara ba ku jin magana. Wa ya taɓa ganin ƙwai ya kai dutse ƙara? Mu da ubanku muka yi shekara talatin a Jazira, ba mu taɓa taka ƙofar mahkama gaban alƙali ba, shi ya sa muka zauna lafiya. Ku nemi dattawa su je su same shi."

Don a faranta mata aka yi hakan. Dattawa huɗu daga masallacin unguwa suka haye Sahafa, aka zauna judiyya, wato zaman sulhu, a gidan mai mat'am. Ya karɓe su da shayi da dabino. Ya ce shi mutum ne mai tsoron Allah, abin da ya sami baiwar Allah ya taɓa shi ƙwarai, amma ƙaddara ce, kuma ƙaddara ba ta da mai laifi. Ya kawo ambulan ya ce sadaka ce, ba diyya ba, sai dai ta sa hannu a takarda cewa ba ta neman komai a wurinsa. Dattawan suka dawo suna yaba karamcinsa. Abin da ke cikin ambulan ɗin bai kai kuɗin ƙarfen da aka sa mata a hannu ba.

Awadiyya ta daɗe tana kallon takardar. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne kalmar sadaka. Ta ce, "Da wane hannun zan sa?" Ta tura musu kayansu. Dattawan suka tashi ransu a ɓace, ɗayansu yana cewa macen da ba miji a kanta haka take.

Aka shigar da ƙara. Kwana shida bayan sammaci ya isa Sahafa, mai mat'am ya kira Idirisu gaban sauran ma'aikata, ya ce an ga kifi yana raguwa a firji. Bai kira 'yan sanda ba, bai yi faɗa ba. Ya ce kawai ya ajiye wuƙa ya tafi. Idirisu ya zagaya mat'am-mat'am na Sahafa da Kalakla, ko'ina labarin ya riga shi isa. Matarsa ta daina zuwa Umbadda. Ranar da Awadiyya ta aika musu da gero, aka dawo da shi.

Shari'ar ta ci shekara ɗaya da wata huɗu. Su tashi da asuba su haye gada, su zauna a baranda cikin masu rigimar fili da masu rigimar haya, a kira su bayan azahar a ce lauyan wancan ɓangaren yana da uzuri. Wata rana an ɗauke wuta. Wata rana an canza alƙali, sabon yana son karanta fayil. An tura ta gaban kwamitin likitoci, suka rubuta cewa hannun ya nakasa, Ustaza ta ce wannan takarda ce mai kyau. Ni'mat ta yi ta neman izini a wurin aiki har mai kantin ya fara ɗaure fuska, sai Awadiyya ta koma zuwa ita kaɗai, tana riƙe ƙarfen hafla da hagu.

Ranar shaida Idirisu ya zo cikin jallabiyar sallarsa. Ya rame. Ya dafa Alƙur'ani, ya faɗi komai a tsanake: yoyon wata biyu, faɗa sau uku, buhun da aka sa ya ɗauke, mai gyaran da ya zo washegari. Awadiyya ta ji zuciyarta ta ɗan saki.

Sai lauyan mai mat'am ya miƙe, siriri mai sanyin murya.

"Mai ƙara mece ce a wurinka?"

"Yayata ce."

"Yanzu kana aiki a mat'am ɗin?"

"A'a."

"Me ya raba ku?"

"An ce na saci kifi. Ban sata ba."

"To, an kore ka, kana jin haushi. Goge ƙasa aikin wa ne a wurin?"

Idirisu ya ce, "Nawa ne."

"Ranar da abin ya faru, wa ya kamata ya goge ruwan?"

"Na goge da safe, na goge da azahar. Bututu ne, ba ya tsayawa."

"Kana da takardar da ka rubuta wa mai gidanka game da bututun?"

"Ni ban iya rubutu ba."

"Abincin da ta ci, ta biya?"

"Rabona na ba ta."

Lauyan ya juya wurin alƙali. Ya ce ga mace ta zo ziyarar ɗan'uwanta a wurin aikinsa, ba ciniki ya kawo ta ba. Ta faɗi, Allah ya sani ko santsin takalminta ne. Ba ta je wurin 'yan sanda ba, ba ta je asibiti ba, ta zaɓi mai ɗori da kanta, kuma takardar likitocin da suke taƙama da ita ta ce ɗaurin ne ya kashe jijiyar. In akwai sakaci, to na mai goge ƙasa ne ko na mai ɗori. Ya kawo ma'aikata biyu, mutanen da Idirisu ya yi shekaru yana cin abinci kwano ɗaya da su, suka rantse ba su taɓa ganin yoyo ba. Ɗayansu bai ɗaga ido daga ƙasa ba har ya gama.

Ustaza Sittana ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta ce ko baƙo ne ya shigo, ƙasa mai santsi ba ta tambayar wa ya biya. Ta ce mai wurin ne ya hana zuwa asibiti, a motarsa aka kai ta wurin basir. Aka kira direban, ya ce shi an ce masa ya kai su inda suke so, can suka ce.

Bayan mako biyar aka karanta hukunci. Larabcin takarda ne, Awadiyya ba ta kama rabinsa ba, amma ta ga fuskar Ustaza. A baranda aka yi mata bayani. Alƙali ya ce ba ya shakkar ta faɗi ta ji rauni, sai dai ba a tabbatar masa da cewa mai wurin ya san da haɗarin ba. Shaida ɗaya ne, ɗan'uwa ne, kuma korarre. An kori ƙarar.

"Za mu iya ɗaukaka ƙara," in ji Ustaza. "Muna da kwana goma sha biyar. Ba zan karɓi komai a wurinki ba, khala."

"Akwai wani shaidan da za a samu?"

"Babu."

"To me zai canza?"

Ustaza ta gyara mayafinta, ta rufe fayil ɗin.

Idirisu yana tsaye nesa da su, jikin ginshiƙi. Awadiyya ta je ta same shi. Ya ce, "Da na ce kin biya."

"Da ka yi ƙarya da Alƙur'ani a hannunka? Tashi mu tafi."

Bai raka ta Umdurman ba. Ya ce yana da wanda zai gani.

Ni'mat ta yi kwana uku tana maganar ɗaukaka ƙara, tana haɗa Hausa da Larabci don fushi, tana cewa za ta kai labarin jarida. A rana ta huɗu mai kantin ya ce mata in ta sake neman izini ta nemi wani aikin. Daga nan ta yi shiru. Kwana goma sha biyar suka cika ba wanda ya ambata. Gogo ba ta ce ai na gaya muku ba, ta dai riƙa tashi da kanta tana ɗingishi ta tankaɗe gari, aikin da ta bari shekaru da yawa.

Idirisu ya kwashe iyalinsa zuwa Jabal Awliya, wurin dangin matarsa, yana jan taru a jirgin wani a ƙasan madatsar ruwa. Bai yi sallama ba, a bakin mutane Awadiyya ta ji. Da sanyi ya shigo ta shirya ta hau mota ta je. Matarsa ta amsa gaisuwa daga cikin ɗaki, ba ta fito ba. Yaran sun daina zuwa makaranta, manyan biyu suna bakin ruwa da ubansu. Ta same shi zaune a kan kifaffen kwalekwale yana ɗinkin taru, ƙafafunsa duk sun tsattsage.

Suka gaisa. Ya tambayi Gogo, ya tambayi Ni'mat. Ta ce masa Ni'mat ce ke riƙe da gidan yanzu, kuma wani da ke neman auren yarinyar ya gaji da jira ya nemi wata. Ta ce ita tana zama wa wata maƙwabciya a gaban tiren gyaɗa da soyayyun 'ya'yan kankana a bakin titi, abin da hagu zai iya. Ya ce ruwa ya ja baya, kifi ya yi wuya bana.

"Mat'am ɗin yana nan?" ta tambaya.

"An ce mai shi ya buɗe na biyu a kan titin sittin."

Ta gyaɗa kai. Ta so ta ce masa ya yafe mata, ta ga shi ma bakinsa yana motsi da irin wannan maganar, ba wanda ya fara. Mai jirgin ya ƙwala masa kira daga ruwa. Ya naɗe tarun ya saɓa a kafaɗa.

"Kada ki bari motar la'asar ta wuce ki, Yaya. Bayanta babu wata sai an yi sa'a."

Ta ce to. Ta tsaya har ya shiga ruwa zuwa gwiwa, sannan ta juya ta kama hanyar tasha.